Kofur Abdulgani da Tayoyin Motar Alhaji Atiku

A Gwandu, wajen shekara tara bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Boma, an yi wani mutum Abdulgani, wanda ba ya amsa kira sai an ɗora masa Kofur. Gajere ne kakkaura, mai murɗaɗɗen gashin baki, kuma duk inda za shi akwai sifana ɗaya rataye a ƙugunsa, ko da zaman makoki ne. Gaskiyar magana, shekara biyun da ya yi a soja kaya ya yi ta ɗauka a ka daga wannan daji zuwa wancan, kuma igiya ko ɗaya ba a taɓa ɗinka masa a hannun riga ba. Amma da yake abokan tafiyarsa mutanen Zuru da Yawuri ne, babu mai ƙaryata shi a gida. Saboda haka a bakinsa shi ne babban makaniken rundunar Sarkin Ingila, wanda in mota ta ƙi tashi tsawa kawai yake daka mata ta kama aiki.

Abin da ya daɗe yana rufa masa asiri shi ne babu mota a unguwarsu. Sai ga shi wata shekara, bayan an cire albasa, Alhaji Atiku, mai fataucin albasa da fata, ya sayo motar katako ta hannu daga Gusau, ƙarama mai ƙafa huɗu. Ya kuma ɗauko mata direba, wani dogon mutumin Jega mai suna Hamidu, wanda yakan wuni bai yi magana goma ba. Tun daga ranar Abdulgani ya tare a ƙofar gidan Alhaji. Yakan zaga motar hannu a baya, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can, ya girgiza kai, ya ce Allah dai ya kyauta.

Akwai dalilin da ya sa abin ya dame shi fiye da kowa. Shekara biyu ke nan yana zaman gwauro, kuma yana neman wata bazawara a Kalgo, Rahmatu, mai tuyar masa a bakin kasuwa. Zuwansa na ƙarshe ya gaya mata cewa motar Alhaji a hannunsa take, Hamidu riƙon sitiyari kawai yake yi. Rahmatu ta juya masarta, ta ce to, ranar da ta gani da idonta sai su yi maganar.

Ana jibi kasuwar Kalgo, da yamma, Hamidu ya tsuguna gaban motar yana shafa tayoyin gaba da tafin hannu. Ya nuna wa Alhaji yadda gefensu na waje ya fara suɗewa, alhali na baya suna nan da zanensu. Ya ce haka mota take, tayoyin gaba su ke shan kwana, don haka su ke saurin cinyewa. Maganinta shi ne lokaci-lokaci a juya su, na gaba su koma baya, na baya su dawo gaba, na dama ya ƙetara hagu, domin su tsufa tare. Ya ce ba abin gaggawa ba ne, in an ci kasuwa sai ya shiga da ita Birnin Kabi, inda akwai gareji da babban jak. Daga nan ya nemi izinin zuwa Malisa gaisuwar rasuwar kawunsa, ya ce zai kwana biyu ya dawo da asubar ranar tafiya.

Hamidu bai gama ɓacewa a kwanar titi ba Abdulgani ya matso kusa da Alhaji, ya rage murya. Ya ce shi ba ya son shiga aikin wani, amma ya ga irin wannan suɗewa a Boma, kuma motar da ya gani da ita ba ta kai la'asar ba. Ya tambaya ko gaskiya ne Inno, mahaifiyar Alhaji, za ta bi motar zuwa Kalgo barkar haihuwar jikarta. Alhaji ya ce gaskiya ne. Abdulgani ya dubi tayar, ya dubi ƙofar gida, ya ja numfashi.

"Alhaji, juya taya har wani abu ne da za a kai Birnin Kabi? Mota arba'in nake juyawa kafin Bature ya gama shan shayi."

Alhaji Atiku ya san albasa, ya san fata, amma bai san mota ba, kuma yana ƙaunar uwarsa. Ya ce to, gobe da safe a yi.

Gari na wayewa Abdulgani ya iso cikin tsohon kakinsa na soja wanda maɓallai biyu na wajen tumbi suka daina haɗuwa. Kafin hantsi rabin unguwa ta taru, don shi da kansa ya bi gida-gida ya sanar. Ya fara da jawabi. Ya ce ragwayen direbobi su ne ke cire taya ɗaya-ɗaya, amma a soja gaba ɗaya ake cire huɗun, mota ta sha iska, sannan a mayar. Hassan maƙeri, wanda ya bar maƙerarsa ya zo kallo, ya tambaya a kan me motar za ta tsaya, tunda jak ɗaya ne a akwatinta. Abdulgani ya ce wannan tambayar farar hula ce. Ya aika a aro masa turame huɗu.

Uku aka samo a maƙwabta. Na huɗun Alhaji da kansa ya shiga ya roƙo wurin Inno, wani turmin ƙirya da ta gada wurin uwarta, wanda ko surukanta ba su daka a ciki sai ta ba da izini. Tsohuwar ta biyo turminta har ƙofar gida, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin zaure, ta zauna tana jan carbi, idonta a kansa.

Aka ɗaga kusurwa ɗaya da jak, aka kifa turmi a ƙarƙashi, aka koma ta gaba, har motar ta hau turame huɗu. Abdulgani ya kwance sifanar ƙugunsa, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya kai ta bakin noti. Ko rabin notin ba ta kama ba, don ta keke ce. Ya ce notocin farar hula ƙiba gare su, ya mayar da ita ƙugu, ya ɗauko ta cikin akwatin motar. Da ya murɗa, maimakon noti ya juya sai tayar gaba ɗaya ta juya, tunda tana reto a sama, shi kuma ya bi ta ya dafe ƙasa da hannu bibbiyu. Ya tashi ya kakkaɓe, ya ce yana gwada lafiyar ƙafar ne, kuma lafiyarta lau. Aka sa mutum biyu suka rungume tayar, sannan notoci suka fara fita.

Gefen dama bai ba da wahala ba. Da aka zago hagu sai aiki ya tsaya. Irin waɗannan motoci notocinsu na hagu a baibai suke, wato inda ake murɗa na dama su kwance, nan ake murɗa na hagu su ƙara ɗaurewa. Hamidu ya san haka. Abdulgani bai taɓa ji ba. Ya ja, ya danna, ya hau sifanar da ƙafa, gumi ya jiƙe kakin har gadon baya. Ya ce tsatsa ce, aka zuba man gyaɗa. Ya ce sanyin damina ne ya kama ƙarfen, alhali rabon gari da ruwa wata biyar. Daga bisani ya ce lalle wani ya yi wa motar baki, har ya waiwaya yana duban mutane ɗaya-ɗaya.

Hassan ya kawo dogon bututun ƙarfe aka zura wa sifanar, aka kira wasu 'yan kokawa biyu suka rataya a kai. Abdulgani ya tsaya gefe yana ba da oda da ƙidayar soja. A ta uku aka ji ƙara kamar an fasa dutse, 'yan kokawan suka zube a kan juna, ƙusar da notin ke hawa a tayar baya ta hagu ta karye gida biyu.

 Alhaji ya miƙe daga kujerarsa. Abdulgani ya ɗauki guntun ƙarfen ya sansana, ya ce Alhaji ya gode wa Allah, dama ruɓaɓɓe ne, gara da ya karye a gida.

Hassan ya karɓi guntun yana jujjuya shi a hannu, irin na mutumin da ya saba da ƙarfe. Ya lura da yadda zaren ya kwanta. Ya sa sifana a noti na gaba ya murɗa ɗaya gefen, sai ga noti ya taho salin-alin.

"Kofur, ashe tun safe ɗaurewa muke yi."

"Sai yanzu ka gane? A soja sai an ɗaure noti iyakar ɗaurewa sannan a kwance shi, don ya san da wa yake magana."

Wajen azahar tayoyi huɗu suka fita. Notoci ashirin, na hagu da na dama, duk Abdulgani ya zuba su a ƙwarya ɗaya. Ya jingina kowace taya kusa da kusurwar da ta fito, don kada ya rikice. Motar Alhaji ta tsaya tsirara a kan turame, mutane suna ta mamaki, har wasu suka fara cewa ashe dai Kofur ya san abin da yake yi. Wannan magana ta shiga kunnen Abdulgani ta yi masa daɗi ƙwarai. Ya ga bai kamata irin wannan lokaci ya wuce shiru ba. Ya taka matakala ya haye gaban motar, ya faɗa kujerar direba da dukan nauyinsa, ya matsa ham sau uku.

A na ukun turmin Inno ya tsage tun daga baki har gindi. Motar ta karkata, ta durƙusa ta gefe ɗaya kamar raƙumi zai sauke kaya, ta bangaje tayoyin da ke jingine. Ɗaya ta shige zauren Alhaji ta watse kaji. Ɗaya ta bi lungu ta yi awon gaba da igiyar shanyar maƙwabta. Biyu suka rankaya gangare kafaɗa da kafaɗa, ba su tsaya ba sai cikin kududdufin da ake ɗibar ƙasar gini. Shi kuwa Kofur ƙofa ta buɗe ta zubo shi waje, ƙafa a sama.

Inno ta tashi ta zo ta tsaya a kan ɓarin turminta. 

"Ɗan nan, shekara sittin ana daka a turmin ga. An daka gero, an daka dawa, an daka kanwa. Ba a taɓa daka mota ba sai da ka zo."

Abdulgani ya ce ta yi haƙuri, itacen ne ya tsufa. Ta ce ita ma ta tsufa, ko ita ma zai sa ta ƙarƙashin motar. Ta naɗe tabarmarta ta shige gida.

Sai da aka tara maza ashirin da azara huɗu kafin a ɗaga motar a tura mata kututturen dabino. Aka tsamo tayoyin kududdufi, aka kwaso sauran, aka jera su gaban Abdulgani, biyu sun sha laka, ɗaya da zanen wata mata a naɗe. Alhaji ya tambaya wacce ce ta ina. Nan gardama ta kaure. Masu cewa wadda ta shiga zaure ta gaba ce suna yi, masu rantsuwa cewa ta baya ce suna yi. Ana cikin haka la'asar ta yi, matan da aka ari turamensu suka fara aiko da saƙo cewa ba su daka hatsin tuwon dare ba. Da saƙo bai yi ba sai mazansu suka zo da kansu, suka tsaya suna tambaya ko yau ƙarfe za a ci a unguwar.

Abdulgani ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru. Ya ce taya tana gaya wa mai ilmi inda ta fito. Ya bi su ɗaya-ɗaya, ya buga da sifanarsa ta keke, ya kara kunne, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna wa kowacce sabon gurbinta, ya ce ta gaba ta koma baya, ta dama ta ƙetara hagu, kamar yadda littafin soja ya ce. Aka ɗora.

Saura notoci. Duk notin da Abdulgani ya ɗauko daga ƙwarya sai ya ƙi hawa, ya ajiye ya ɗauko wani, shi ma ya ƙi. Hassan ya koma maƙerarsa, 'yan kallo sun ragu, Alhaji yana tsaye a kansa yana duban rana. Da gwaji da sa'a ƙafa uku suka samu notocinsu. Ta huɗun, wato ta baya ta hagu, ƙusa ɗaya ta karye, biyu kuma zarensu ya cinye saboda ɗaurin safe. Noti biyu kaɗai suka hau, su ma rabi-rabi. Ya waiga, ya ga Alhaji ya juya yana alwala. Ya zuba ukun da suka rage a aljihun kaki, ya kwaɓa baƙin mai da laka ya shafe wurin sumul, ya miƙe ya sara wa motar.

Kafin su rabu ya roƙi Alhaji kada a gaya wa Hamidu komai sai an isa Kalgo, don a ji shi da bakinsa yana yabon laushin tafiyar bai san aikin wa yake yabo ba. Alhaji, wanda dama yake tunanin yadda zai dubi idon direbansa, ya amince da sauri. Ya shiga ya roƙi Inno ita ma ta yi shiru. Ta ce dama ba ta da niyyar yi wa kowa magana.

Da aka idar da sallar asuba aka loda buhunan albasa, fasinjoji suka hau kansu. Hamidu ya iso daga Malisa gari bai gama haske ba. Ya zaga motar kamar yadda ya saba, ya taka kowace taya da ƙafa, ya dube ta, ya wuce bai ce uffan ba. Abdulgani ya lura da wannan shirun, ya raɗa wa na kusa da shi cewa hassada ce. Hamidu da Inno da Alhaji suka shiga gaba, Kofur ya haye can ƙololuwar buhuna ya harɗe.

Tafiya ta fara lafiya. Da rana ta ɗaga sai bayan motar ya soma wani rangaji, yana kaɗa ƙugu hagu da dama. Wata mata ta ce ita fa cikinta yana juyawa. Abdulgani ya ce alamar juyin ya kama ke nan, tayoyi suna sabawa da sabon wuri. A gaba Hamidu ya ce yana jin wani abu a bayan motar da bai gane ba, yana so ya tsaya ya duba. Alhaji ya ce masu sayen albasa na Kurmi ba sa jiran kowa, ya dai rage gudu. 

Da rumfunan Kalgo suka bayyana, Abdulgani ya lallaɓo daga saman buhuna ya sauko kan matakalar ƙofar hagu. Ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ya murɗa gashin baki, ya cire hula yana kaɗawa. Hanyar tana ɗan gangarawa zuwa bakin kasuwa, kuma daga nesa ya hango hayaƙin tandar Rahmatu. Ya fara ɗaga murya yana gaida mutanen da bai sani ba, yana gaya musu su matsa ga motar da Kofur ya gyara.

Sai ga wata taya ta zo ta gefensa ita kaɗai, tana tafe tana ɗan tsalle, ta wuce su a natse.

Abdulgani ya tuntsire da dariya, ya leƙa ta taga.

"Alhaji, dubi aikin wani sakarai. Ya ɗaura taya ta gudu ta bar shi."

Hamidu ya dubi tayar, ya dubi madubi. Babu wata mota a hanyar, gaba da baya. Ya ce innalillahi a hankali, ya rungume sitiyari. Bayan motar ya zauna a ƙasa, ƙarfe ya shiga kartar tsakuwa, motar ta ja gindi kamu ashirin sannan ta tsaya a karkace. Allah ya sa gudun kaɗan ne. Fasinjoji suka gangaro tare da buhuna, buhu shida suka fashe, albasa ta bazu ta bi gangare. Kofur kuwa ƙofar da ya riƙe ta wulwula shi ya sauka zaune cikin kwandon busasshen kifin wani Bakabe.

Ita tayar ba ta ga dalilin tsayawa ba. Ta ratsa layin masu tukwane ta bi ta kan tulu huɗu. Ta shiga tsakanin jakuna suka tsinke igiya. Wani wanzami da ke tsakar aski ya yar da aska ya haye rumfa, ya bar mai askin da rabin kai. Daga nan ta rage gudu, ta yi 'yar kwana kamar mai neman wani gida, ta bangaje ƙwaryar ƙullun Rahmatu, ta zaga sau biyu, ta kwanta a gaban tanda.

Kafin a jima duk kasuwa ta taru. Aka duba aka ga babu wanda ya karye, sai ƙujewa da tsoro. Aka fito da Inno, ta gyara lulluɓinta, ta ce a nuna mata gidan jikarta, da ƙafa za ta ƙarasa. Sarkin kasuwa ya iso da masu tukwane a bayansa, ya tambaya wa ya ɗaura wannan taya. Fasinjoji goma sha biyu suka nuna kwandon kifi.

Abdulgani ya taso yana cire ƙaya daga wando. Ya ce a bi a hankali, wannan laifin masu ƙera motar ne, waɗanda suka yi rowar noti, ga shi nan kowa ya duba, biyu kacal suka sa wa ƙafar. Ya sunkuya zai nuna wurin, sai notoci uku suka zubo daga aljihunsa, ɗaya bayan ɗaya, suka gangara suka tsaya a gaban takalmin Sarkin kasuwa. Ya ce waɗannan na ajiya ne, kowane makanike yana yawo da su.

 Alhaji ya matso kusa da Hamidu ya ba shi labarin jiya cikin 'yar murya, yana duban ƙasa. Hamidu ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tsuguna gaban tayoyin gaba ya shafa, ya koma ta baya ya shafa, ya taka har gaban tandar Rahmatu ya juya wadda ta gudu, jama'a na biye da shi. Ya miƙe ya share hannu a riga.

"Alhaji, ka ce an juya su?"

"Wuni guda aka yi ana juyawa."

"To, babu wadda ta gusa. Masu suɗaɗɗen gefe suna gaba inda na bar su. Wagga kuma ga facin da na yi mata a Jega, dama nan baya hagu take. Shi ya sa da asuba ban ga komi ba."

Dariya ta fara daga masu tukwane, waɗanda su ne ma aka yi wa ɓarna, ta bi rumfa-rumfa har mahauta. Abdulgani ya jira ta lafa. Ya ce wannan shi ne cikakken juyi, wanda ba kowa ya sani ba, taya ta zaga duk gurabe huɗu ta dawo gidanta. Mai rabin aski ya tambaya ko zuwa wurin mai masa yana cikin guraben.

Rahmatu tana durƙushe tana kwashe abin da ya saura na ƙullunta. Abdulgani ya matsa kusa, ya gyara murya, ya ce ai ta dai gani da idonta, kamar yadda ta nema.

"Na gani, Kofur. Har ta riga ka isowa." Ta ɗauki masa biyu daga cikin waɗanda suka tsira, ta naɗe a ganye ta miƙa masa. "Ci ka ji ƙarfin komawa. Kuma kada ka wahalar da manyanka zuwa wurin baffana."

Sarkin kasuwa ya yanke cewa Alhaji zai ji da masu tukwane da mai ƙullu, shi kuma Kofur zai tsince albasar da ta zube, ɗaya-ɗaya, har ƙarƙashin rumfuna. Haka ya wuni a sunkuye, kaki yana warin kifi, duk inda ya ratsa ana tambayarsa ko albasar ma juya ta zai yi. Hamidu da wani maƙerin Kalgo suka yi ta fama da ƙafar motar har bayan la'asar kafin ta tsaya da kyau.

Da aka tashi komawa, Inno ta dawo daga barka ta shiga gaba. Abdulgani ya kama katako zai hau baya, sai ta leƙo ta taga ta ce wa ɗanta in wancan ya hau ita za ta sauka. Alhaji ya dubi uwarsa, ya dubi Kofur, ya ce ya yi haƙuri, mota ta yi nauyi. Motar da ta sauke buhu talatin ta tashi fayau ta bar shi tsaye a bakin hanya.

Yana nan tsaye yana gaya wa masu wucewa cewa dama shi ya fi son tafiyar ƙasa, don ita ce ta soja, sai ga wani dattijon Bafillace, Adamu, ya fito daga kasuwa yana kora jakuna biyu, ɗaya da kaya ɗaya babu. Ya ce shi ma wajen Gwandu ya nufa, in baƙo yana so ya hau maras kayan, sa kwana a hanya su ƙarasa gobe. Abdulgani ya yi godiya, ya tattare wando ya ɗaga ƙafa zai hau. Dattijon ya riƙe igiyar bai saki ba, ya ƙura wa sifanar ƙugunsa ido, sannan ya dubi fuskarsa.

"Kai ne mai tayar nan?"

Abdulgani ya ce shi ne, Kofur Abdulgani.

"To hau. Amma don Allah kada ka taɓa mashi ƙafa. Yadda suke ɗin nan, haka nake son su."